Farin Kwalin da Kakata Ta Ƙona

Duk sa'ad da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshinta, mutane gona suke tunawa. Ni hoton babana nake tunawa. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubuta mini. In kun ji magana ta tsinke, kuka ne ya tsinke ta.

Ina goye a baya lokacin da Nasara, wato Turawan mulki, suka ɗauki babana soja. Muka zauna a ƙauyenmu na Kurfai, ni da mahaifiyata da kakata, wadda ta haife shi. Sai da na isa ɗaukar ƙaramin tulu hotonsa ya zo cikin wasiƙa daga bayan teku, baƙi da fari, bai wuce tafin hannu ba. Yana tsaye da hular soja, tsagar gidanmu ta fito sarai a kumatunsa, kunnuwansa a waje kamar nawa. Ranar na fara ganin ubana.

Da kasuwar Filinge ta ci, kakata ta ƙulle hoton a bakin zane, ta ja ni wurin wani kafinta da ya koyo aiki a Kurmi. Ya fere katako huɗu ya haɗa kusurwoyinsu. Ya yanka gilashi, ƙararsa har cikin haƙorana. Sannan ya ɗauko farin kwali mai kauri, ya huda masa taga da aska, a hankali kamar wanzami. Bai shafa wa hoton ƙaro ba, 'yan takardu biyu ya liƙa ta baya suka riƙe shi daga sama. Babana ya leƙo ta tagar nan, fari ya kewaye shi.

"Inna, kwalin nan ba ado ba ne kawai," in ji kafintan. "Shi ke hana hoto taɓa gilashi. Kada a cire."

Muka iso gida ni da kakata. Ta zauna bakin murhu ta daɗe tana kallon abin, sannan ta ce, "Ɗana da ransa, a naɗe mini shi da fari kamar likkafani?"

Mahaifiyata, da na riga na faɗa wa maganar kafintan, ta sunkuyar da kai. "Inna, mai aikin ya ce a bar shi."

"Shi ya haifa mini shi?"

Kakata ta ɓamɓare ƙusoshin da wuƙa, ta zare kwalin ta tura ƙarƙashin tukunya. Ta shimfiɗa ƙyallen shuni a baya, ta danne hoton da gilashi, ta rataye a ɗakinta sama da randa.

Daminar ta zo da ruwa mai yawa. Bango ya yi ta gumi, tabarmi suka yi warin sanyi. Kowace safiya nakan hau turmi in gaishe da babana. Na ga wani tabo kamar ɗigon ruwa ya kwanta a fuskarsa, amma ban faɗa wa kowa ba.

Bayan an yanke hatsi, manzon kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, ya zo da akwatin ƙarfe da labarin rasuwar babana. Ranar sadaka dangi suka so ganin hoton, baffana ya buɗe katakon don ya goge hazon da ke ciki. Ya ja takardar. Ƙarar ba ta fi ta ɓare gyaɗa ba. Hula da riga da takalmi suka biyo takarda, fuskar ta zauna jikin gilashi, ta wargaje kamar toka.

Kakata ba ta yi kururuwa ba. Cewa ta yi, "Farin da na hana shi, wa ya sani ko can ya samu." Daga ranar ba ta ƙara ɗaga ido ta dubi bangon nan ba har ta rasu.

Bara maigidana ya bi su lahira. Jikoki suka wanko hotonsa a Yamai, suka kawo mini shi manne da gilashi, ba kwali. Na ce su mayar, a sa masa fari mai faɗi. Suka yi dariya, wai yanzu fuskar kowa tana cikin waya, ba ta ɓata. Ban yi musu gardama ba, amma sai da aka mayar.

Takardar babana tana cikin akwatin ƙarfen har yau: soja a tsaye, fari fat inda fuska take. Damina ɗaya tak na yi da fuskar ubana. In na so tuna ta yanzu, kunnuwana nake shafawa.