Telan da Ba Ya Rubuta Awo

Ɗigo uku yake sa wa keken ɗinkin: ɗaya a gindin allura, ɗaya a ƙafar da ke juyawa, ɗaya a wani ɗan rami da shi kaɗai ya san amfaninsa. Sai ya goge bakin gwangwanin man da tsumma, ya taka feda a hankali, ya kasa kunne kamar mai sauraron numfashin jariri. Haka Baba Tela yake buɗe shago shekara arba'in da ɗoriya. A 'yan shekarun nan sai ya koma yana yi sau biyu, wata rana sau uku kafin hantsi, domin da ya ajiye gwangwanin ya juya, sai ya ga kamar bai yi ba. Autarsa, wadda ke ɗinki a keke na biyu kusa da taga tun rasuwar mahaifiyarta, tana lura da shi. Takan jira ya leƙa waje, ta goge man da ya yi yawa kada ya ɓata yadin mutane.

Duk layinmu da abu ɗaya aka san shi: ba ya rubuta awo. Zai zagaya ka da tef, yana motsa leɓe, ya ce, "Je ka." Shi ke nan. Bayan shekara biyar ka aiko da yadi, riga ta zo ta zauna maka kamar tare aka haife ku. In ka yi ƙiba, a hanya zai hango ka ya ƙara inci biyu a ransa. Kansa wani ɗaki ne da kafaɗunmu da wuyanmu ke rataye a ciki, kowa da ƙusarsa. Da wannan kan ya ciyar da 'ya'ya biyar, ya yi wa uba rigar angonci, ya zo ya yi wa ɗansa.

"Littafi na telan da kansa ya huje ne," yakan ce. "Ranar da littafin ya faɗa ruwa fa? Sai gari ya fito tsirara?"

Sannu a hankali ƙusoshin ɗakin suka fara zarewa. Wando ya fito ya tsaya a ƙwauri. Riga ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya. Ba wanda ya kira taro, amma muka sami kanmu da wata dabara. Za ka tsaya ya auna ka yana motsa leɓe, ka yi godiya ka fita, sannan ka zagaya ta bayan shago ka miƙa wa Auta tsohuwar rigarka a leda ta taga. Ita za ta auna rigar. In ya tafi gida cin abincin rana, sai ta farke abin da ya ɗinka ta mayar daidai. Ni ma na miƙa tawa. Ina waige-waige na miƙa, kamar mai sayar da kayan sata.

Ranar da abin ya fashe ina zaune a bencin shagon. Auta ta yi kwana uku tana fama da zazzaɓi, ranar ta dawo. A kwanakin nan Baba ya yanka yadin Direba, abokinsa tun ƙuruciya, ya ɗinka shi da kansa. Direba ya daɗe da barin tuƙi, amma tumbin da sitiyari ya raina masa yana nan. Ya zura kai cikin sabuwar riga, ta tsaya a hammata, hannuwansa a sama kamar wanda aka tare a hanya.

"Tela," ya ce daga cikin rigar, "riga na ce ka yi mini, ba bandeji ba."

"Awonka ne. Ƙirji talatin da shida, ƙugu talatin da biyu."

"Talatin da biyu? Rabona da talatin da biyu tun ina karen mota."

Muka yi dariya, dariyar ta mutu a bakinmu. Direba ya fito da kai, ya ga fuskar abokinsa, nan take ya sauya hanya.

"Kai, laifin tumbin ne. Matar nan ba ta barin cokali ya huta. Cikin sati ɗaya na kumbura haka, tambayi kowa."

Baba bai tambayi kowa ba. Ya karɓi rigar, ya ce bari ya farke gefe. Ya nemi reza a teburinsa bai gani ba, sai ya jawo aljihun teburin Auta. Ta miƙe da sauri, amma ta makara. Littafi ne a ciki, ƙarami mai shuɗin bango, duk tabon mai. Ya buɗe tsakiya. Rubutunta ne, ƙanana a jere: Mai Gilashi, Dogo, Malamin Asibiti, kowa da kafaɗarsa da ƙugunsa.

"A shagona?" Muryarsa ba ta tashi ba. "Ina raye, ina zaune nan, kina rubuta awo a bayana?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Laifina ne."

"Su wa suka ba ki lambobin?"

Ya ɗago ya dube mu. Direba ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. Ni kuwa na ƙura wa wani guntun zare ido a ƙasa.

"Har da kai?" ya ce mini.

Na ci gaba da kallon zaren.

"Kawo shi, Baba, yanzu zan ƙona shi," in ji Auta, ta miƙa hannu biyu.

"Tsaya. Sai na ga tun yaushe ake yi mini kallon mahaukaci."

Ya lashi babban yatsa ya fara komawa baya, shafi bayan shafi. Tana cewa, "Baba, don Allah," yana juyawa. Can wajen farko tawada ta ƙare, fensir ya fara. Haruffan suka yi girma, suka jingina gefe, irin na mutumin da ya saba rubutu da alli a kan yadi. Yatsansa ya tsaya. Ya kai littafin kusa da ido, ya janye, ya sake kaiwa.

"Wannan hannuna ne," ya ce.

Ina kusa da shi, na ga shafin farko. A sama an rubuta, an ja layi biyu: Kada Auta ta gani. A ƙasa sunan Direba, ƙugu arba'in da huɗu.

"A ina kika same shi?"

"Cikin buhun ƙyallaye. Shekara biyu ke nan."

"Kin karanta layin sama?"

"Ba na gane rubutunka sosai, Baba."

"Ƙarya ba ta karɓe ki ba. Uwarki ma ba ta iya ba."

Ashe shi ya fara jin ƙusoshin suna zarewa, tun kafin mu gani. Ya sayi littafi a ɓoye, ya rubuta mu, ya ɓoye shi don kunyar 'yarsa, ya manta inda ya ɓoye, ya manta ma ya taɓa saye. Ita ta tsinta, ta ɗora daga inda fensirinsa ya tsaya, yau kuma ta tsaya tana shan faɗa don kada ya kai shafin farko.

Direba ya dafa shi. "Bar shi, Tela. Gobe war haka an manta."

"Ni dai zan manta," in ji Baba. "Ku ne ba za ku manta ba."

Ya rufe littafin. Bai mayar aljihun tebur ba, ya ajiye shi a fili a kan keken Auta, ya ɗora rigar a kai.

"Akwai sauran yadin a ƙasan teburina. Ki sa masa ƙari a gefe biyu. Arba'in da huɗu."

"To, Baba."

Ya ɗauki gwangwanin mai, ya dubi keken, ya dubi gwangwanin. Bakinsa ya motsa kamar zai tambaye mu ko ya sa yau, sai ya fasa, ya ajiye. Tef na rataye a wuyansa, ya wuce ta gabanmu bai kalli kowa ba. Ƙofar shagon doguwa ce, amma sai da ya sunkuyar da kai sannan ya fita.