Yatsa Biyu Tsakanin Kujerun Kaka da Malam

Jiya na bi ta bayan masallacin Ƙuba a nan Madina, sai ƙamshin katakon da aka fere ya taso daga wani shago ya tare ni. Na tsaya tsakiyar hanya har mai mota ya yi mini oda. Cikin wannan ƙamshin na girma, domin Babanmu kafinta ne, kuma komai kakkaɓe jikin da ya yi sai ya shigo mana da garin katako a gira.

A gidanmu a ƙasa ake cin abinci, maza da mata tire ɗaya. Baƙin da suke zuwa daga Kano suna mamaki, amma zaman Madina ne ya koya mana. Bayan azahar sai a shimfiɗa sufra, ledar nan ta cin abinci, kowa ya naɗe ƙafa. Malam, mahaifin Baba, yana zama jikin bango. Kaka matarsa tana damansa, tana tsintar nama tana turawa gaban wanda ta ga dama. Ni ba ta cika ganin dama da ni ba, wai na fiye surutu.

Shekarar da nake aji huɗu, sanyin Madina ya shiga gwiwoyin Kaka bai fita ba. In ta zauna a ƙasa sai mutum biyu sun ɗaga ta, ita kuwa ta tsani a ɗaga ta. Sai ta koma cin abinci a ɗakinta, bakin gado, ita kaɗai. Kwanon yakan dawo kamar yadda ya tafi. Munduwarta ta azurfa, wadda ta zo da ita daga gida tun tana amarya, ta fara zamewa har gwiwar hannu. Baba ya sayo kujerar roba ya ajiye bakin sufra. Kaka ta dube ta daga ƙofa ta ce, “Ni in hau sama, Malam yana ƙasa? Ba a haka aka rene ni ba. Halas, magana ta ƙare, ɗauke abarka.”

Ana nan wani mutum ya kawo wa Baba mujallar Turawa don ya nuna masa irin kabad ɗin da yake so, ya manta da ita a shago. A ciki akwai hoton wata tsohuwa 'yar ƙasar Denmark, furfura fes, tana zaune cikin kujeru. Abokin aikin Baba, ɗan Sudan mai jin Turanci, ya karanta masa labarinta: tun tana yarinya ita da mijinta suke zana kujeru da kayan ado na azurfa, mijin ya rasu, ita ta ci gaba da aikin har tsufa. Cikin kujerun akwai wata gajera, kusan a ƙasa take, majinginarta ta lanƙwaso ta rungumi bayan mai zama.

Baba ya kawo mujallar gida ya buɗe wa Kaka. Ko kallon kujerar ba ta yi ba. Idonta yana kan wata munduwa a ɗaya shafin.

“Mace ce ta ƙera wannan?”

“Ita ce, Hajiya. Ita ta yi kujerar ma.”

“To ta san hannun mutum. Wannan ba za ta ciji fata ba.”

Baba ya ɗauki maganar a matsayin izini. Ya ari munduwar Kaka ya zana lanƙwasar a kwali, ya faɗaɗa ta har ta isa bayan mutum. Ya gwada ƙafarta da zare tana yi masa faɗa. Mazaunin kuwa kabar dabino ya sa aka kawo daga gonakin Al-Awali aka saƙa. Tsayin ne ya ba shi wuya. In ta yi ƙasa da yawa Kaka ba za ta iya tashi da kanta ba, in ta yi sama ba za ta hau ba. Sau uku yana rage ƙafafun, har ya kai inda ba a iya ragewa.

Lokacin ɗanyen dabino ne, zafi kamar a bakin tanderu, ranar da aka ajiye kujerar bakin sufra. Kaka ta zauna. Na ga kafaɗunta sun sauka, na ga ta lumshe ido. Sai ta waiwaya hagu ta ga kanta ya ɗara na Malam. Ta dafa ta miƙe, da kanta kuwa, ta ce, “Ta yi kyau, Allah ya yi albarka. A kai mini ita ɗaki.” Na ji haushinta har na buɗe baki, Innarmu ta mintsine ni. Baba bai ci abinci ba ranar.

Malam ya dubi kujerar, ya ci gaba da cin abincinsa. Mutum ne da yake takawa da ƙafa daga Ƙuba har Harami, masallacin Annabi, bai taɓa yarda ko matashi a sa masa ba. Washegari sai ga shi ya fito yana dafa bango yana nishi. Ya ce da Baba, “Kai, tawa gwiwar ma ta fara. Ka yi mini irin ta uwarka. Ka ƙara mata tsayi yatsa biyu.”

Ranar da kujerarsa ta iso, Kaka ta fito ta zauna a damansa, ta ce, “Ashe kai ma tsufa ya san gidanku.” Ta ci tuwo har da ƙari, ta ma turo mini nama. Shekara shida suka yi a haka. Duk mun saba da nishin Malam in zai zauna, har ƙannena suna kwaikwayonsa a ɓoye.

Yanzu a tebur muke ci, kowa da farantinsa. In na ba 'ya'yana labarin nan da Hausa, da Larabci suke yi mini tambaya. Na nemi matar nan ta Denmark a waya, na tarar ta rasu, kujerunta suna gidajen tarihi inda ba a barin kowa ya zauna a kai. Na so a ce ta san wata tsohuwa a Ƙuba ta yaba hannunta. Ina kewar gidan nan, kewar da ba ta raguwa.

Kaka ta rasu a watan Sha'aban, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Washegari aka shimfiɗa sufra. Malam ya shigo ya ɗauki kujerarsa ya jingine ta a bango, ya naɗe ƙafa ya zauna a ƙasa lokaci guda, bai dafa komai ba, bai yi nishi ba. Muka dubi juna. Baba ya tashi ya fita tsakar gida, muna jin kukansa.