Wurin da Iya Ta Hana a Shafe

Duk baƙon da ya shigo gidana a Gashua sai ya ce magini ya cuce ni, don a jikin bangon zaure akwai wani wuri kamar faɗin faranti da ba a shafa wa siminti ba. Ni kuwa sai in ce ya nemi tabarma, labarin ya fi bangon tsawo.

Shekarar da fari ya kore mu daga ƙauyenmu na bakin fadama, kogi ya ƙafe har kifi ya fara neman aikin dako, Nguru muka koma. Baba ya kama sayar da hatsi, ya gina ɗakuna, ya kuma ce zai sayar da gonar shinkafarmu ta gado. Kakarmu Iya Gambo ba ta so hakan ba. Ita faɗanta a bakin murhu take yi.

Bayan magariba ta tura itace, muka kewaye ta. "Ga ta nan, daga nesa ta taso," in ji ta. Muka ce, "Ta iso ta sha ruwa!"

Ta ce da ƙuruciyarta sun tafi Makka a ƙasa ita da kakanmu, guzuri ya ƙare musu a Sudan, ta kama aikin wanki a gidan wata Bayahudiya. Gida sabo fil, fari tas, amma kusa da ƙofa an bar wani wuri ba shafe. Iya, sarkin gwaninta, ta kwaɓa farar ƙasa ta rufe shi. Matar na gani ta dafe kai, ta ɗauko wuƙa ta kankare.

Da ta huce ta yi wa Iya bayani. Kakanninsu suna da babban ɗakin ibada a Ƙudus, wanda Annabi Sulaimanu ya gina. Abokan gaba suka ƙone shi, aka sake ginawa, aka sake ƙonewa, aka warwatsa su duniya. Tun daga nan ba sa ƙarasa shafen gida. Ranar aure ango yakan taka kofin gilashi ya fasa. Rana guda a shekara kuma su yi azumi, su zauna a ƙasa suna kuka.

Na ce, "Iya, bara aka yi gobarar?"

"Kai, mijin banza! Tun ba a haifi kakan kakan raƙumi ba."

"To, ba su gaji da kukan ba?"

"Haka na tambaye ta. Ta ce gawa ake yi wa makoki a watse. Abin da ake sa ran dawowarsa kuwa, ba a daina ambatonsa. Ranar da suka yi shiru, ranar 'ya'yansu za su manta hanyar gida." Ta gyara garwashi, ta ɗaga murya yadda har mutanen tashar jirgi za su ji. "Addininsu nasu, namu namu. Amma ni ban ga sun sayar da tunanin gidansu don an yi fari ba. Ta ƙare, kowa ya kama kunnensa."

Baba yana gefe, wai gyaran rediyo yake. Rediyon da ko batir babu.

Da safe magini ya zo shafen ɗakin Iya, ta tsaya masa a kai da ludayi, ta ce a bar mata faɗin faranti. Ya dubi Baba. Baba ya ce, "Bar mata." Mai sayen gona ya yi ta zarya har takalminsa ya nemi ritaya, Baba bai sayar ba.

A da na ɗauka labarin masu son kuka ne. Sai da furfura ta kama ni na gane dabarar: ana barin wurin ne don yaro ya tambaya. Ruwa ya dawo fadama, ba kowace shekara ba, amma ya dawo. Shinkafa da barkonon da suka gina gidan nan daga gonar suka fito.

Rannan jikata Fanna ta ɗora tafinta a wurin, ta ce, "Kaka, simintinka ne ya ƙare?"

Na ce, "Kirawo sauran, amaryata. A hura wuta."