Mai Laima da Takardun da Suka Dawo

A ofishin kamfanin da ke ɗaura mitar ruwa, ba mai son teburin da ke kusa da injin kwafi, saboda zafi da ƙara. Nan aka ajiye wata budurwa ranar da ta fara koyon aiki. Wata shida aka ba ta, da ɗan alawus da kyar yake isar kuɗin mota da abincin rana. Manaja ya ce in tana so a riƙe ta bayan wata shidan, sai ta kawo shaidar ta yi rajistar jarrabawar akanta. Kuɗin rajistar alawus ɗinta ne na wata biyu cif, kuma ana rufewa a ƙarshen wata na biyar.

Wurin yayarta take zaune, tela mai 'ya'ya uku, tana kwana tsakanin keken ɗinki da tarin yadin mutane. Ba ta ga fuskar roƙon yayar ba. Sai ta tsinci tsofaffin ambulan uku a kwandon ofis, ta rubuta wa ɗaya mota, ɗaya abinci, ɗaya jarrabawa. Abincin rana ya koma ragowar na jiya a ɗan kwano. Mota biyu take hawa zuwa aiki, ta yar da ta biyun, ta riƙa taka tafiyar minti arba'in safe da yamma, da laima a hannu. Masinjan ofis ne ya fara ce mata Mai Laima, har manaja ya ɗauka.

Ta lissafa komai, ban da takalmi. Sau biyu tana kai shi wurin tsohon da ke gyara a bakin titi. A karo na uku ya ɗaga shi sama, ya leƙo ta ta cikin hujin.

"'Yata, me bawan Allahn nan ya yi miki?"

"Baba, ka dai ɗinke."

"In ɗinke me da me? Ba inda allura za ta kama. Ki yafe masa, ya yi iyakar ƙoƙarinsa."

Sabon takalmi ya cinye abin da ta tara na sati uku. A tsakiyar wata na huɗu ta zazzage ambulan ɗin jarrabawa a kan gado, ta ƙirga sau biyu, ta ga ko ta daina cin abinci ba zai cika ba. Ba ta gaya wa kowa ba. Washegari ma da ƙafa ta tafi.

A ƙarƙashin teburinta akwai kwalin da ake zuba takardun biyan kuɗin ruwa da suka dawo, kowacce da hatimin ba a sami gidan ba. Babbar akawu ta sa ta jera su bisa unguwa. Tana cikin jerawa ta tsaya.

"Anti, ai na san gidan nan. An gina shago a gabansa, ƙofar ta koma ta lungu. Wannan layin kuma allonsa ya faɗi, amma shi ne mai famfon da ke yoyo."

Babbar akawu ta sauke tabarau. "Ke da kika zo jiya? Mai babur ɗinmu sau uku yana zagaya wurin."

"Shi a guje yake wucewa, Anti. Ni kullum sai na gaisa da masu gidan."

Aka ba ta takarda ashirin ta gwada. Cikin kwana uku ta kai sha bakwai, ta dawo da sa hannun masu gida, da bayanin yadda ake gane kowace ƙofa, a rubuce tsaf. Ranar Juma'a kashiya ya miƙo mata kuɗin motar rabon takardu. Ta maida hannunta baya.

"Malam, ni fa ban hau mota ba. Hanyata ce."

"Ji min yarinya! Kamfani bai tambaye ki kujerar da kika zauna ba. Takarda ta isa? Ta isa. Sa hannu nan kafin in canza ra'ayi."

Takarda ɗari da goma sha ɗaya ne a kwalin. Ta riƙa fita gida da wuri, tana ratsa lunguna, wani lokaci kare ya biyo ta, wani lokaci mai gida ya zazzage mata faɗan tsadar ruwa kamar ita ta yanke farashin. Duk Juma'a kuɗin motar da kashiya ya ba ta sai ya shige ambulan ɗin jarrabawa. Ana saura kwana biyu a rufe rajista ta shiga layin biya. Mutumin da ke taga ya ƙirga kuɗin, ya buga hatimi, ya ce jarrabawa nan da sati shida.

Da ta isa gida ta ajiye rasit ɗin a kan keken ɗinki. Yayar ta karanta, ta sake karantawa, ta ɗago.

"Ina kika sami wannan kuɗin, ƙanwata? Shi ne ko ki ce min uffan?"

"Yaya, ai kina da naki nauyin."

Yayar ta juya, ta ƙwala wa yaran kira.

"Daga yau wanke-wanke da shara naku ne. Antinku karatu za ta yi. Duk wanda na ji ya dame ta, ni da shi ne."