Igamar Malam Bello

Shekara tara ke nan da aka yi wa Yaya Safiya sallar jana'iza a Harami, maza suka ɗauke ta, mu mata muka koma gida. Har yau in na bi ta layinsu a unguwar Utaibiyya sai na ɗaga kai na dubi tagar bene na biyu.

Ita ce babbarmu. Duk a nan aka haife mu, takardar zama 'yan ƙasa kuma tun daga kakanmu muka gaje ta. Mijinta na farko ya rasu ya bar ta da 'yan mata biyu. Da ɗan ɗinkinta take riƙe gidan, da kuma daman, tallafin da hukuma ke ba wa masu ƙaramin ƙarfi. Ana haka Malam Bello ya zo neman aurenta, ɗalibi daga Sakkwato, ba shi da komai sai littattafai da kunya.

Mata suka ba ta shawara a ɗaura auren a gida shiru, kada a kai takarda, don kada a taɓa mata daman. Ta ce ba za ta ciyar da marayu da abin da aka ba ta a kan ba ta da miji ba, alhali ga mijin zaune a falo. Ta nemi izinin aure a wajen hukuma, ta yi jiran da ake yi, sannan ta je da ƙafarta ta sanar. Tallafin ya ragu, muka ga raguwar a tukunyarta. Ƙaninta Usman, mai shagon yadi a Hindawiyya, ya fi kowa jin haushi. Ya ce ta rage wa yara abinci, ta kuma ɗauko ƙato ta rataya a wuya.

A wuyanta ɗin kuwa yake, domin ita ce kafilinsa, wato mai tsaya masa a wajen hukuma. Igamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan, sai da sa hannunta ake sabunta ta. Ko ganin mahaifiyarsa zai je, sai ta amince. Amma duk ranar da za ta ofis kan takardunsa, sai ta saka abaya ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, a ba ni izini zan fita."

"Kafilina ne yau ke neman izini a wajena?"

"Wancan a takarda ne. Halas, shi ke nan, ka ce a dawo lafiya, rana tana yi."

Yanzu sabunta igama duk a waya ake yi, ba layi ba zafin rana. Na san da Yaya tana nan da ta yi murna, don gwiwoyinta sun sha wuya. Sai dai kwanan baya na ji wata yarinya a gidan biki tana faɗi da dariya cewa in mijinta ya ɓata mata rai, tunda ita ce kafilinsa, waya kawai take ɗagawa ta nuna masa, ya yi tsit. Da Yaya ce, da ta ja ta gefe.

Da ciwo ya kwantar da ita a asibiti, abu ɗaya ne ya tsaya mata. Ba su haihu ba, in ta tafi Malam ba shi da wanda zamansa zai rataya a kai, ga yaran da ya rena suna ce masa Abba. Ina zaune ta roƙi Usman ya mayar da igamarsa kan shagonsa.

"Yaya, ki warke tukuna."

"Usman, ba maganar warkewa na yi maka ba."

Ya dubi ƙasa, bai ce komai ba. Kwana biyu tsakani ta cika.

Bayan an tashi daga zaman ta'aziyya, na kai wa yaran abinci na tarar Malam yana jera littattafai a kwali, su kuma sun yi cirko-cirko suna kallonsa. Ina nan Usman ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba. Ya dubi kayan, sannan ya ce, "Kwance kwalayen nan, Malam. Gobe ka zo min da fasfo."

Yaya ba ta bar gida ko gwal ba. Ta bar 'yan mata biyu da Malam ya zauna a ɗaurin aurensu, ta bar dattijon da ke zama bayan kanta a shagon Usman, suna musu kan shayi kamar 'yan uwa ɗaya. Bana da Usman ya sabunta igamar, na yi masa addu'a na ce ya sauke amana. Ya girgiza kai.

"Nauyin bai taɓa damuna ba," in ji shi. "Abin da ke damuna, ban ce mata to tana ji ba."

Allah Ya kai mata labari, Ya haskaka kabarinta.