Filin da Kaka Ya Ba Mu a Bakin Kogi

Shekarar da annoba ta kulle kowa a ɗaki, maza biyu ne a gidana a unguwar Al Muraqqabat, can ƙasar Larabawa, kuma ba mai iya haɗa ido da wani. Ɗaya maigidana ne. Ɗayan kakana ne na wajen uba, wanda ya zo a duba masa gwiwa, jirage suka tsaya, ya maƙale mana a falo. Ni kam kakata ta yanke saƙa. Dama ba yawo nake ba, ga abokin hira Allah ya kawo mini har gida.

Aikin maigidan shi ne duba garuruwan da ke inda kogi yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku, irin na Masar, ya gaya wa magina inda ruwa zai ci da inda zai bari. Karatuna bai yi nisa ba, amma kunnena ba ya barci. Ina yankan albasa, yana taronsu a kwamfuta, har na gane cewa in aka shafa wa wuri shuɗi a taswira, to ba wurin kwana ba ne.

Wata Juma'a bayan la'asar Kaka ya kira mu, ya ce ya ba mu filinsa na fadama can garinmu wajen Haɗeja, inda kogi ya rabu kamar yatsun hannu. A sa harsashi kafin damina, a fitar masa da ɗaki mai kallon ruwa, a nan yake so ya ƙarasa kwanansa. Maigidan ya durƙusa ya yi ta godiya, kai a ƙasa.

Sai da ya shigo kicin, inda yake ɓuya ya ci abinci saboda kunyar suruki, ya nuna mini taswirar filin a wayarsa. Filin nan shuɗi ne shar. Ya ce tun da ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kogin yake neman sabuwar hanya, kuma ta nan ya fi sauƙin bi. Na ce ya faɗa masa mana.

"Ni? In dubi tsohon nan in ce kyautarsa ba ta yi ba? Gara in gina, ruwa ya ci."

Kuma da gaske yake, na san halinsa. Ni kuwa ba ginin ne ya dame ni ba, tsohon da ba ya iya gudu nake hangowa a ɗakin bakin ruwa cikin Agusta.

To, abin da suruki ba zai faɗa ba, jika ta faɗe shi tana dariya. Washegari na dama fura da geron da 'yan Kano na unguwar Al Sabkha suke kawo mana, na ajiye wa Kaka, na zauna na miƙe ƙafa.

"Angona, ashe kifi kake so ka mayar da ni? Sauran mata ana kai su tudu, ni za ka kai ni gidan kwaɗi."

"Ke da furarki ta fi kogin ruwa-ruwa, me kike tsoro?" Ya kurɓa, ya lumshe ido. "Ni na yi wanka a wurin nan tun ba a haifi ubanki ba."

Na ce wanka na ji, kwana nake tambaya. Babansa ya taɓa kwana a fadamar? Ya dinga juya ludayi. Can ya ce a'a, noma kawai ake yi, da magariba kowa ya hau tudu. Amma ai yanzu mutane sun yi gini, in ji shi. Sai ya harare ni ta gefen ido, ya tambaya ko wancan mai ɓuya a kicin ne ya aiko ni. Na rantse ba aike ba ne, satar ji na yi.

"Kira mini shi, ya zo da allon nasa."

Zaman ranar ba na manta shi. Kaka a kujera, maigidan a ƙasa yana kallon kafet, ni a tsakiya riƙe da kwamfuta. Maigidan ya yi magana ƙasa-ƙasa, in ɗaga ta, har da ƙarin gishiri. Da Kaka ya gane garinsu ne ake gani daga sama, sai ya manta da gwiwa. Ya dinga dangwala yatsa yana nuna tsamiyar da suke ɗaure kwalekwale da mashigin da ya toshe, maigidan yana cewa haka ne, Baba, nan ma ruwan yake taruwa. Ban san lokacin da suka daina bi ta kaina ba. Har shinkafata ta kama.

A ƙarshe Kaka ya ce fadama ta ruwa ce, a bar mata shinkafarta, a sa mutane su sare kacalar mashigin. Gida kuma a yi shi a tudu, bayan tsohon gidanmu, amma tagarsa dole ta kalli kogi. Maigidan ya ce har biyu za a yi masa.

Ranar ce ya fara cin abinci a falo, kodayake bayansa ya juya mana. Kaka kuwa ya cinye ƙanzon tas, yana cewa da ya san haka amaryarsa take girki, da ya bar ta ga kwaɗin.