Cokali Mai Yatsu a Gidan Kawu Sada

Ranar Lahadi ce, bayan Babbar Sallah ta shekarar da na cika tara, na fara zama a kan kujera don cin abinci. A gidan Kawu Sada ne, ƙanen mahaifiyata, wanda ke aiki a ƙaramar hukuma a Kankia. Shi ya roƙi Baba ya ba shi ni daga Mawashi, ya sa ni firamare tare da ɗiyansa mata. Aka ajiye mini doya da soyayyen naman layya a faranti mai fashewa, wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu. Na miƙa hannu zan damƙi nama, Kawu ya ƙwanƙwasa tebur. "A gidan nan ba a ci kamar a bakin gona. Wuƙa a dama, mai yatsu a hagu. Haka wayayyu ke yi."

Bai san alherin da ya yi mini ba, domin ni bahaguwa aka haife ni. A Mawashi na sha wuya kan hannun nan. Da shi nake jan guga, da shi nake jifan awaki in sun shiga gyaɗar mutane, da shi nake cinye 'yan matan unguwarmu a carafke har su yi fushi su watse. Amma da an sauke tukunyar tuwo sai ya zama abin ƙyama. Kakata Iya Tambai takan ɗaure mini shi a baya da tsumma, in ya kuɓuce ta sauke masa ludayi. "Hagu ta bayan gida ce," in ji ta, "Shaiɗan ke ci da ita." Na koyi ci da dama ina hawaye, miyar kuka tana bin gwiwar hannuna. To ga babban mutum mai agogo yana cewa in ci da hagu! Na soki doyar nan tsaf, na kai baki ko ɗigon mai bai zuba ba. Kawu ya dubi ɗiyansa ya ce, "Ku ga 'yar ƙauye ta fi ku."

Zango ɗaya na yi a makaranta. Ina tuna ƙamshin sabon yadin makaranta, da sharar fili da safe, da yadda muke rera baƙaƙe a gindin dalbejiya muna kaɗa kai. Na kai ga haɗa baƙi da wasali, saura kaɗan in rubuta sunana, sai hutu ya zo. Matar Kawu ta ba ni mai yatsu guda ɗaya tsaraba. Da na isa gida na tara ƙannena a tsakar gida, na zuba dafaffen dankali a murfin kwano, ina nuna musu yadda ake ci a birni. A haka Baba ya shigo daga gona, fartanya a kafaɗa. Ya tsaya ya dubi hannuna. "Barira, abin da aka kai ki koyo ke nan? Abin da muka sha wahala muka raba ki da shi?" Ya fizge cokalin ya cilla bayan danga, ya ce na gama boko.

Kawu ya zo a kan babur don ya mayar da ni. Ina laɓe a bayan zaure ina jin su. Da ya ce, "Yi haƙuri yaya, za ta riƙa ci da dama," da an wuce wurin. Ina! Sai ya kama bayanin yadda Turawa ke yi, har ya ce duhun kai ne ke damun mutanen ƙauye. Baba ya ce gara duhun kai da hasken da ke hana yaro bin sunna. Babur ya tashi ba ni. Mahaifiyata tana surfe, sai taɓaryar ta ƙara nauyi.

Sai da na aurar da ɗiyata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kusada, da furfura a kaina. Daga baya aka kai mu wani taron mata a Katsina, aka jera mana abinci a otal. Na ƙi ci, na tsaya kallo. Wata ta riƙe mai yatsu a dama. Wata ta yanka nama, ta ajiye wuƙa, ta mayar da mai yatsu dama. Wata baƙuwa daga wata ƙasa tura shinkafa kawai take yi da shi cikin cokali. Wata likita kuwa ta wanke hannu ta ci abinta. Ba wanda aka kora. Ashe ko masu abin ba su haɗu a kan hanya ɗaya ba! Na ture farantin don takaici.

Yau jikokina mata suna tafiya makaranta da safe, ba mai leƙa kwanonsu. 'Yan ajinmu na gindin dalbejiya wasu har sun yi ritaya daga aikin asibiti. Baba da Kawu duk sun riga mu gidan gaskiya, ina yi musu addu'a, ban fasa ba. Kowannensu ya tafi yana ganin shi ke da gaskiya. Ni ce dai ba wanda ya tambaya ko ina son komawa.